Bonet ɗin Motar Asibiti

Kwana ashirin da uku bayan rasuwar matarsa, Maƙeri ya buɗe shagonsa. Ba aiki ya zo yi ba. Ya ɗaga ƙofar ƙarfen, ya tsaya yana kallon gudumominsa a jere jikin bango, daga babba har ƙarama, gizo-gizo ya fara saƙa a tsakaninsu. Ya ɗauki tef ɗin awo da guntun alli ya jefa a aljihu, ya sake jan ƙofar ya kulle, ya kama hanyar ƙaramin asibitin garin a ƙasa.

Ana ce masa Maƙeri ne don ubansa ƙira ya yi har ya koma ga Allah. Shi kuwa jikin mota yake gyarawa. Shekara talatin da ɗoriya yana fitar da lotsawa, yana walda, yana mayar da motar da ta yi karo yadda mai ita ba zai iya nuna inda aka taɓa ba. Ba shi da yawan magana. Matarsa ce take yi musu ta mutum biyu.

Garin nasu a cikin kwari yake. Babban asibiti yana bayan tsauni, hanyar zuwa can kuma hawa ce mai murɗe-murɗe, ga duwatsu. Matarsa ta daɗe tana fama da asma. Ran nan da rana tsaka, ana zafi kamar wuta, ciwon ya tasar mata yadda bai taɓa yi ba. Sista, wadda ke riƙe da ƙaramin asibitin, ta yi iya yinta, sannan ta ce sai an haura da ita. Aka sa ta a motar asibiti da 'yar tukunyar iskar numfashi, wadda Sista ta ce za ta kai awa ɗaya da kwata. Tafiyar ta minti hamsin ce.

A lanƙwasa ta farko allurar awon zafin inji ta hau ja. Direba ya tsaya, ya juye jarkar ruwan da ke cikin motar, suka ci gaba. A lanƙwasa ta uku injin ya tafasa, tururi ya rufe gilashi, motar ta mutu. Babu ruwa, babu wata mota da ke tahowa. Maƙeri ya fizgi jarkar ya gangara da gudu zuwa wani rafi can ƙasa. Da ya dawo, yana haki, ruwa na zuba masa a wando, ya tarar Sista ta cire wa matarsa abin numfashin, ta rufe mata fuska da mayafinta.

Direba yana wanke motar a gindin bishiyar harabar asibitin sa'ad da ya hango Maƙeri tafe. Tsumman ya suɓuce daga hannunsa. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, kuma tun ranar da abin ya faru, in ya hangi Maƙeri a titi sai ya sake hanya. Ko gaisuwar rasuwa a bayan mutane ya raɓe ya yi ta, ya fice.

"Baba, barka da zuwa," ya ce yana rusunawa. "Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Buɗe mini bonet."

Direba ya dube shi, ya dubi motar. Ya shiga ya ja wayar, ya zo ya ɗaga bonet ɗin ya tokare. Maƙeri ya daɗe yana kallon ciki. Sai ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin motar. Abin da ya zo dubawa yana nan inda ya sa shi: faffaɗan farantin ƙarfe mai kauri, ɗaure da noti takwas, ya toshe ƙasan injin ruf. Shekara biyu da suka wuce dutse ya fasa tukunyar baƙin man motar a wannan hanya, aka kawo masa ita, shi da hannunsa ya yanka farantin nan ya ɗaura. Har alfahari ya yi da aikin a lokacin, don ko yatsa ba ya shiga ta gefensa.

Ya tashi ya karkaɗe riga. "Je ka kira mini Bakanike."

Bakanike sa'an Maƙeri ne, tare suka yi ƙuruciya, gajere mai tumbi, wanda ba ya iya kai ƙarshen magana ba tare da tsokana ba. Ya zo yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti. Da ya ga mai kiran, sai ya haɗiye abin da ya taho da shi a baki.

"Me ka yi wa motar nan a kan zafi?" in ji Maƙeri.

"Me ban yi mata ba? Na wanke lagireto sau biyu. Na sake fanka, na sake fambel, na sake famfon ruwa. Abin da ya rage in zauna a kan hancinta ina yi mata fifita. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiyarta lau. Da ta ga hawa, ga rana, sai ta hau gumi kamar ni."

"Iska tana shiga ta gaba."

"Tana shiga."

"Ta ina take fita?"

Bakanike ya kai ido ƙasan motar, ya ɗauke da sauri. Shi ma ya san wanda ya ɗaura farantin.

"To a cire shi mana," in ji Direba a hankali.

"A cire, dutse ya fasa ku tun a hawan farko. Farantin zai zauna. Ta sama zan buɗe mata hanya."

Sista ba ta yarda nan take ba. Ta fito daga ɗakin allura tana cire safar hannu, ta saurare shi har ya gama, ta girgiza kai.

"Baba, motar nan ba tawa ba ce. In aka ga an tsattsaga mata bonet, ni za a kira ofis."

"Naku ba zan taɓa shi ba. Akwai irinta da ta mutu a bayan garejin Bakanike, bonet ɗinta lafiyayye ne. Shi zan yi wa aiki. In bai yi ba, noti huɗu ne, a mayar da na da."

Ta dube shi. Ita ce ta riƙe hannun matarsa a ranar, kuma har yanzu in ta ji an tada motar nan gabanta faɗuwa yake yi.

"Ka yi," ta ce.

Su uku suka ɗauko tsohon bonet ɗin, bayan sun kori kajin da suka mai da matacciyar motar gidan gado. Maƙeri ya ɗora shi a kan benci biyu, ya kankare tsatsa da tsohon fenti har ƙarfen ya yi fari. Ya kife shi ya dubi haƙarƙarin da ke riƙe da shi ta ciki, ya zagaye su da alli. Waɗannan ba a taɓa su. In aka yanke ko ɗaya, bonet zai riƙa rawa a hanya har ya tsage.

Ba rami kawai yake so ba. Tagogi yake so, sirara, kowace da leɓenta a ɗage, bakinta na kallon baya, yadda zafi zai fita amma iskar gaba ba za ta kutso ba. Babu injin da ke yin irin wannan a garin. Sai ya samo guntaye biyu na ganyen sifirin ɗin babbar mota, ya goge ɗaya da giranda ya yi masa doro, ya ƙwaƙule ɗayan ya yi masa kwarmi daidai doron. A tsaga ƙarfe, a sa shi a tsakaninsu, a buga. Ya yi ta gwadawa a kan guntayen ƙarfe. Tara suka yage ko suka karkace. Na goma ya fito sumul. Ya shafa shi da babban yatsa, ya ajiye a gefe.

Duk ranar da Direba ba shi da fita, sai ya zo ya tsaya a bakin shagon. Ba a kira shi ba, ba a kore shi ba. A rana ta uku Maƙeri ya ce, bai ko ɗago kai ba, "Tsayuwar nan ba ta riƙe ƙarfe. Zo ka danne mini nan."

Daga nan Direba ke riƙewa, Maƙeri na bugu. Sukan wuni ba su yi maganar da ta wuce "matsa" da "ɗaga" ba. A lissafin Maƙeri, zafi sama yake tashi, kuma inda bonet ya fi tudu shi ne can baya, kusa da gilashi. Nan ya jera tagogin, shida a dama, shida a hagu.

A gida kuwa akwai babbar 'yarsa. Ta baro gidan mijinta a wani gari tun ranar rasuwar, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga uban ya fara cin abinci kamar mutum. Wata yamma ta ajiye masa kwano a kan teburin falo, maimakon ta tafi kamar yadda ta saba, sai ta zauna a hannun kujera.

"Baba, an ce motar asibiti kake yi wa aiki."

"Haka ne, Uwata."

"Wadda Inna ta rasu a cikinta."

"Ita."

"Mutane na zuwa yi maka gaisuwa, ni kaɗai nake tarbarsu. Ɗakin Inna ko leƙa shi ba ka yi ba. Amma motar nan, da mutumin da ya tsaya da ita a daji, su kake wuni da su. Ni da ina da iko, wuta zan sa mata."

Ya ajiye cokali. Yana da amsa, tana nan a bakinsa. Ya dubi fuskarta, goshin uwar, hancin uwar, ya kasa.

"Gobe ma wani za ta ɗauka," shi ne abin da ya iya cewa.

Ta kwashe kwanon da bai ci rabin abin ciki ba, ta fita.

Ranar da aka ɗaura sabon bonet ɗin, ko fenti ba a yi masa ba, suka fita gwaji a miƙaƙƙiyar hanyar bayan gari, inda motar ba ta taɓa ba da matsala ba. Maƙeri na gaba kusa da Direba, Bakanike na baya ya zuro kai tsakaninsu. Da farko allurar ta tsaya a tsakiya. Da Direba ya taka, sai ta fara rarrafe, ta wuce tsakiya, ta ci gaba.

"Baba," in ji Direba, "ta wuce inda take tsayawa."

"Na gani."

"A nan ma da ba hawa."

"Na ce na gani. Juya."

Suka koma, aka kwance nasa, aka mayar da na da. Bakanike, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaure noti huɗun nan bai ce uffan ba. Maƙeri ya jingine bonet ɗin a bangon shago, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallonsa. Aikin kwana tara, ga shi tsaf kamar daga kamfani, kuma ya ƙara wa motar ciwo. A ransa ya ce, wannan karo na biyu ke nan da kyakkyawan aikinsa ya shaƙe motar nan.

Washegari bai fita ba. Ya zauna a falo, fankar sama na juyawa. A gefen kujerar da matarsa ke zama akwai kwandon saƙarta, ba wanda ya matsar da shi. Bakin wani jan zare ya leƙo daga ciki, iskar fankar na ɗaga shi, tana kwantar da shi, kullum gefe guda. Ya daɗe yana kallon zaren nan. Shekara talatin yana aiki da abin da yake gani yake taɓawa. Iska kuwa bai gan ta ba, tsammani kawai ya yi.

"Uwata!"

Ta leƙo daga kicin.

"Zaren nan, zan iya ɗiba?"

Ta dubi kwandon. "Hula ce take saƙa wa jikanta. Ba ta gama ba."

"To bar shi."

Ta tsaya jim a bakin ƙofa. Sai ta goge hannu a zaninta, ta zo ta durƙusa, ta zaro hular da ba a gama ba ta ajiye a cinyarta, ta ɗauko ragowar dunƙulen zaren da almakashi.

"Na motar ne?"

"Na motar ne. Ina so in ga inda iska take bi."

"Tsawon yaya?"

"Kamar yatsa."

"Guda nawa?"

"Arba'in."

Ta zauna a ƙasa tana yankawa tana jerawa a kan tebur, hawaye na sauka, ba ta share ba, shi ma bai hana ta ba.

Suka sake ɗaura bonet ɗin, suka manna zarurrukan da salatif layi-layi, daga hancin motar har gilashi. Mutanen titi suka yi ta juyowa suna kallon motar asibiti ta fito da jan gashi. Da suka hau miƙaƙƙiyar hanya, Maƙeri ya manna goshi a gilashi. Zarurrukan baya, na kusa da tagoginsa, ba baya suka kwanta ba. Lanƙwashewa suka yi suna cusa kai cikin tagogin. Iska na zuwa ta bugi gilashi, ta taru, ta danna ƙasa, ta shige cikin injin, ta tare wadda fanka ke ƙoƙarin turowa.

"Mutumina," in ji Bakanike daga baya, "kai ka yi mata ƙofar fita, ita ta mai da ita ta shigar baƙi."

Idon Maƙeri na can gaba. Kamar taƙi biyu daga hancin motar, daidai bayan lagireto, zarurrukan sun miƙe tsaye suna karkarwa, kamar ana jan su sama.

"Tsaya," ya ce.

Ya sauka, ya ja layi da alli a wurin.

Rufe tagogi goma sha biyun nan ya fi buɗe su wuya. Ya buge leɓunansu suka kwanta, sannan ya bi tsagar da walda ɗigo-ɗigo. Ƙarfen bonet siriri ne, in wuta ta daɗe a wuri guda sai ya murɗe. Ya ɗiga nan, Direba ya danna jiƙaƙƙen tsumma, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, a jira ya huce. Kwana huɗu suka yi a kan haka. Sannan ya goge, ya shafa da tafin hannu ido a rufe yana neman tudu. Bayan nan ya tsaga sababbi goma sha biyu a kan layin allin, tsakanin haƙarƙarin, ya ɗaura musu ragar waya ta ciki saboda ganye da tsakuwa. Mai fenti na maƙwabta ya fesa masa fari irin na motar.

Maƙeri ya ce ba za a yi gwajin tsauni da sanyin safiya ba, sai rana ta take. Suka loda buhun yashi shida a baya, nauyin marar lafiya da masu jinya. Bakanike ya zo da jarka biyu cike da ruwa, yana cewa ba don rashin yarda ba ne, shi dai mutum ne mai yawan ƙishirwa. Suna shirin tashi sai ga 'yar Maƙeri ta shigo harabar asibitin da mayafinta.

"Zan bi ku," ta ce. "Ina so in ga wurin."

Direba ya sunkuyar da kai ya buɗe mata ƙofa. Ba ta dube shi ba.

Suka fara hawa. Injin na gurnani a giya ta biyu, duwatsu na bugun farantin ƙasa. Ta gilashi ana ganin zafi na tashi daga tagogin yana rawa a iska. Lanƙwasa ta farko, allurar ta ɗan gota tsakiya ta tsaya. Ta biyu, tana nan. Da suka doshi ta uku, Maƙeri ya ga gumi na ɗiga daga haɓar Direba. Allurar ba ta motsa ba.

"Tsaya a nan," in ji Maƙeri. "Kada ka kashe ta. Bar ta tana aiki."

Suka sauko. Wurin ba komai ba ne: gefen hanya, jan dutse, wata busasshiyar ƙaya, can ƙasa rafin na ƙyalli. 'Yar ta tsaya tana kallon nisan da ke tsakanin hanyar da rafin. Bakanike ya zauna a mota, ya ce shi zai tsare allura.

"Baba," in ji Direba, "akwai abin da ban faɗa maka ba. Jarka biyu nake ɗauka kullum. Ɗaya ta fashe kwana uku kafin ranar. Na ce gobe zan sake, gobe zan sake. Da biyu ne, da ba ka sauka rafi ba."

"Na ga fasasshiyar a bayan kujera tun ranar."

"Ka gani? Ba ka ce mini komai ba."

"Da wane bakin?" Maƙeri ya juya wajen 'yarsa. "Uwata, kin tambaye ni me ya sa nake wuni da motar nan. Akwai faranti a ƙarƙashinta. Shi ya toshe wa zafi hanya. Ni na yanka shi, ni na ɗaura. Ban bar ko kafar allura ba, don in nuna na iya aiki."

Ta dube shi, ta dubi Direba, ta sake dubansa. Ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da mayafi. Injin na ta aiki a bayansu.

Can Direba ya ce, "Marigayiya ta yi magana, Baba. Bayan ka gangara."

Maƙeri ya juyo gare shi.

"Sista na fama da tukunyar, ni na riƙe mata abin numfashin. Sai ta ture hannuna. Ta ce, 'Ku ce masa kada ya yi gudu. Gwiwarsa.' Na fito na ƙwala maka kira, ka yi nisa. Da na koma na ce mata na faɗa maka, ka ji. Ta gyaɗa kai. Ba ta sake magana ba."

Maƙeri ya dafa jikin motar. A hankali ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da taya. Kukan da bai yi ba ranar rasuwar, bai yi ba a gaban masu gaisuwa, shi ya zo masa a gefen hanyar nan, da ƙarfi, irin na mutumin da bai saba ba. 'Yarsa ta taso ta durƙusa kusa da shi ta riƙe hannunsa mai kanta. Direba ya juya baya yana share fuska da hula.

Sun daɗe a haka. Daga ƙarshe ita ce ta miƙe, ta ɗago uban, ta dubi Direba ido cikin ido karo na farko.

"Malam Direba, mu ƙarasa hawan," ta ce.

Suka kai ƙwanƙolin tsaunin, suka gangara har ƙofar babban asibiti, suka juyo. Tafiyar zuwan, ban da tsayuwar da suka yi, minti arba'in da takwas. Jarkokin Bakanike suka dawo a cike, ban da abin da ya sha.

Bayan mako guda 'yar ta koma gidan mijinta, bayan ta nuna wa uban inda komai yake a kicin, ta kuma sa shi ya yi alkawarin ɗaga waya in ta kira. Motar ta ci gaba da hawa tsauni. A cikin wata biyu ta haura da wani tsoho da ya karye a ƙugu, da mace mai naƙuda, da wani manomi da maciji ya sara, duk da rana, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Daga ofis aka zo aka ga bonet ɗin, aka yi wa Sista tambayoyi, ta ba su makulli ta ce su hau tsaunin da bonet ɗinta na da in suna so. Ba su hau ba.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko aka kwana ana yi. Da safe Maƙeri na share ruwan da ya taru a bakin shago, sai ga Direba da Bakanike sun turo motar asibiti da hannu, duk sun jiƙe da taɓo.

"Ta ƙi tashi, Baba," in ji Direba, yana magana kamar shi ya yi laifin. "Ba marar lafiya dai, Allah ya taimaka."

Maƙeri ya ɗaga bonet. Ruwa ya bi ta tagogin dama ya zuba kai tsaye a kan wayoyin wuta, har ya kwanta a kwarmin fulogi.

"Ka yi wa gida tagogi ka manta da indararo," in ji Bakanike. "Wa ya koya maka gini?"

Maƙeri ya tsaya yana kallon ruwan. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, wata 'yar dariya ta fito masa, gajeriya, ta ba shi mamaki shi kansa.

"Wallahi ban tuna ana ruwa a duniya ba," ya ce.

Bakanike ya hau busar da wayoyin da tsumma yana mita. Maƙeri ya shiga ciki ya fito da fallen ƙarfe siriri da almakashin yankan kwano. Zai lanƙwasa 'yar magudana ya rataya a ƙarƙashin tagogin, da tazarar yatsa uku don zafi ya samu wucewa, bakinta ya zubar da ruwa can gefe, bayan taya. Ya auna, ya ja layi, ya miƙa wa Direba gefe ɗaya.

"In an kira daga asibiti fa?" in ji Direba.

"Kafin azahar mun gama. Riƙe nan. A'a, ba nan ba. Nan."